Daga Leiden zuwa Leuven: bin sawun guguwar maganaɗisu

Holan da Beljiyam ƙananan ƙasashe ne, jirgin ƙasa yana ratsa su cikin 'yan sa'o'i, amma wanda yake son sanin yadda maganaɗisu ke shiga ɗan mitsitsin sufakondakta, wato ƙarfen da in ya yi sanyi sosai lantarki ke bin sa ba turjiya, zai tarar da babban kaso na tarihin wannan fanni a jere a bakin layin dogo: Leiden, Nijmegen, Antwerp, Leuven. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga arewa na gangaro kudu.

Daga filin jirgin saman Schiphol zuwa Leiden tafiyar kusan minti 20 ce. Daga tasha mutum ya taka da ƙafa zuwa gidan tarihin kimiyya na Boerhaave, inda aka ajiye na'urar da Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da iskar hiliyam ruwa da ita a ranar 10 ga Yuli, 1908. Na daɗe tsaye a gabanta. Kwalabe ne na gilashi masu bango biyu, wata cikin wata, da siraran bututu a nannaɗe. Sanyin hawa-hawa ake kai shi: ruwan iska ya sanyaya haidurojin, ruwan haidurojin ya sanyaya hiliyam, sannan a bar hiliyam ɗin ya fita ta ƙanƙanuwar kafa ya ƙarasa sanyaya kansa. Ranar 8 ga Afrilu, 1911, a wannan gari, aka sanyaya zaiba zuwa wajen kelbin 4.2, wato digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyarta ga lantarki ta ɓace ɗungurungum. Ginin da aka yi aikin yana nan a bakin magudanar Steenschuur, yanzu ɗaliban shari'a ne a ciki.

Ɓacewar turjiya rabin labarin ce. A 1933 Meissner da Ochsenfeld suka nuna a Balin cewa sufakondakta yana korar maganaɗisu daga cikinsa. Lev Shubnikov, wanda shi ma ya yi aiki a Leiden kafin ya koma Kharkov, ya ga cewa wasu gaurayen ƙarafa ba sa kora gaba ɗaya, suna barin wani abu ya shiga. Sai a 1957 Alexei Abrikosov ya fito da dalili daga lissafin Ginzburg da Landau na 1950: maganaɗisun yana shiga ne a siraran zarurruka, kowane zare yana da cibiya inda halin sufakondakta ya mutu, lantarki kuma yana kewaya cibiyar ba tsayawa. Wannan ita ce guguwar maganaɗisu. Kowace ɗaya tana ɗauke da ƙwaya guda ta maganaɗisu, ba ƙari ba ragi, kuma girman ƙwayar shi ne adadin da ya kamata mutum ya haddace kafin ya shiga kowane ɗakin gwaji: militesla 2.07 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ce, militesla kuma kashi ɗaya cikin dubu nata) a kan fili mai tsawon maikuromita 1 da faɗin maikuromita 1. Kaurin gashin kai ɗaya yakan kai maikuromita 50 zuwa 100.

Tsayi biyu ne ke mulkin guguwa. Na farko faɗin cibiyarta, wanda ake rubutawa da harafin ξ. Na biyu nisan da maganaɗisu ke iya kutsawa cikin ƙarfen, λ. Idan aka raba λ da ξ aka sami abin da ya haura 0.71, ƙarfen yana karɓar guguwa. A niyobiyam tsarkakakke dukansu biyun wajen nanomita 40 suke (nanomita 1000 ne maikuromita 1). Niyobiyam ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne ake fitarwa daga kwalambait ɗin da aka haƙa tare da kuza a tsaunukan Jos, kodayake yau Brazil ce ke ba duniya mafi yawansa. Alminiyam kuwa a dunƙule ba ya karɓar guguwa, domin ξ ɗinsa ya kai nanomita 1600. Amma da zarar an shimfiɗa shi siriri, kauri nanomita 30 ko 50, ξ yakan sauko zuwa tsakanin 100 da 250, nisan kutsen kuma ya ƙaru, sai ya koma yana karɓa. Shi ya sa da yawa daga cikin gwaje-gwajen da zan ambata da alminiyam aka yi su.

A babban ƙarfe guguwoyi suna ture juna su jeru a tsari mai kusurwa shida, kamar yadda mai talla ke jera ƙwai a babban faranti. Essmann da Träuble sun ɗauki hoton wannan jeri a Stuttgart a 1967 ta hanyar barbaɗa ƙurar ƙarfe mai bin maganaɗisu a saman samfuri mai sanyi. Tambayar da ta kai ni sauran garuruwan ita ce: in farantin ya ƙanƙance har ƙwai uku ko biyar kaɗai yake ɗauka, wa ke tsara jerin? Amsar dai gefen farantin ne.

Zuwa Nijmegen sai an canza jirgi a Utrecht, tafiyar ta kusa sa'a biyu. Garin yana bakin kogin Waal, kusa da iyakar Jamus, jami'ar kuma tana kudancin gari, da ƙaramar tasharta mai suna Heyendaal. Mutane sun fi sanin wurin da kwaɗon da aka sa ya tsaya a iska cikin maganaɗisu mai tesla 16 a 1997, da kuma Andre Geim da ya sami kyautar Nobel a 2010 kan girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin atom ɗaya. A ganina aikin da Geim da abokansa suka wallafa a wannan shekara ta 1997 kan faya-fayan alminiyam bai gaza waɗancan kyau ba.

Matsalar da suka warware ita ce ta awo. Faifai mai faɗin maikuromita ɗaya maganaɗisunsa ya yi ƙanƙanta ga na'urorin da aka saba, kuma in aka auna dubu a tare, bambancin da ke tsakaninsu sai ya shafe komai. Sai suka sassaƙa 'yan mahaɗai masu siffar alamar tarawa a cikin galiyam asenaid, wani abu irin silikon da ake ƙera na'urorin lantarki da shi, inda ilektoron ke gudu a shimfiɗe ba tare da yawan karo ba, suka ɗora faifai ɗaya a tsakiyar mahaɗa ɗaya, suka bar ta kusa da ita babu komai. Ana tura lantarki ta hannu biyu, a auna boltej ta sauran biyun. Boltej ɗin yana bin matsakaicin maganaɗisun da ke ratsa mahaɗar, saboda haka in aka cire awon mahaɗa mai faifai daga na marar faifai, abin da ya rage shi ne abin da faifan ya kora.

Abin da ya fito ya dogara kacokan ga girman faifan. Mafi ƙanƙanta, wanda bai kai ya ɗauki cibiyar guguwa ɗaya ba, a hankali yake mutuwa yayin da ake ƙara maganaɗisu, ba tsalle ko ɗaya. Wanda ya ɗan fi shi, sai ya yi ta kora har ya faɗi lokaci guda. Manyan kuwa layin awonsu haƙoran zarto ne, kowane haƙori shigar guguwa ɗaya. Lissafi a nan mai sauƙi ne: faifai mai faɗin maikuromita 1 filinsa 0.785 ne, don haka ƙwaya ɗaya tana daidai da militesla 2.6. Amma guguwar farko ba ta shiga a nan. Kusa da zafin sauyawa, wato zafin da ƙarfen ke daina zama sufakondakta, sai maganaɗisun ya kai ninki 1.92 na ƙwaya, wato wajen militesla 5, kafin ta zauna.

Idan aka juya ana rage maganaɗisu, layin ba ya bin hanyar da ya zo. Dalilin shi ne shingen da Bean da Livingston suka bayyana a 1964. Guguwar da ke dab da gefe, gefen yana janyo ta waje, lantarkin da ke kewaya bakin faifan kuma yana tura ta ciki, tsakanin biyun akwai tudun da sai ta haura. Don haka shiga tana makara, fita ma tana makara. A wajen saukowa faifai yana iya riƙe guguwoyin da suka fi abin da ya kamace shi, har ya zama maganaɗisun da ke cikinsa ya fi na waje yawa, kamar yana jawo shi maimakon ya kore shi. Geim da abokansa sun wallafa wannan a 1998. A 2000 kuma suka nuna cewa guguwar da ta maƙale kusa da gefe ba ta kawo cikakkiyar ƙwaya, domin gefen ya datse lantarkin da ke kewaya ta. Abin da ba ya rabuwa shi ne yawan zagayen da igiyar sufakondakta, wato kaɗawar bai-ɗaya da ilektoron ɗinsa ke yi, take yi a kewayen samfurin, wanda ake kira L: 0, 1, 2, 3. Duk mai auna tsalle yana tsammanin kowanne ya zo daidai da ƙwaya ɗaya zai yi ta zargin na'urarsa a banza.

Tashar Antwerp ta tsakiya gini ne da ya cancanci a tsaya a kalla, jirage suna shigowa a hawa daban-daban, wasu can ƙarƙashin ƙasa, unguwar masu lu'ulu'u kuma tana jikinta. Daga tashar jiragen ruwan garin ne ake lodin da yawa daga cikin motocin hannu da ke sauka Kwatano da Legas. Aikin guguwa a nan na alli da kwamfuta ne. Rukunin François Peeters ya shafe shekaru yana warware lissafin Ginzburg da Landau ga faifai, zobe, murabba'i da alwatika. A 1998 Schweigert da Peeters da Deo suka zana taswirar da ta raba hali biyu. L ɗin 3, misali, yana iya zama guguwa uku a rarrabe, kowace da cibiyarta, ko kuma ƙatuwar guguwa ɗaya a tsakiya wadda igiyar ke zagayawa sau uku. A babban ƙarfe ƙatuwar ba ta zama, tarwatsewa take yi. A ƙaramin faifai kuwa lantarkin gefe yana matse su har cibiyoyin su haɗe. Ƙaramin faifai, maganaɗisu mai ƙarfi, ko zafi kusa da na sauyawa, duk suna taimakon ƙatuwar. Zafin yana shigowa ne ta ξ, wanda ke kumbura yayin da ake kusantar wurin sauyawa: a kashi 99 cikin 100 na zafin, ya ninka sau goma.

Awon maganaɗisu kaɗai ba ya iya bambanta halin biyu da tabbaci, shi ya sa aka daɗe ana gardama. A 2004 Akinobu Kanda a Tsukuba ta Japan, tare da mutanen Antwerp, ya manna ƙananan mahaɗai fiye da ɗaya a bakin faifan alminiyam. Ƙatuwar guguwa daidai take ta kowace fuska, don haka mahaɗan suna ba da amsa iri ɗaya. In guguwoyin a rarrabe suke, wata mahaɗar ta fi wata kusa da cibiya, sai amsoshin su saɓa. A Manchester, Irina Grigorieva ta koma ga ƙurar baƙin ƙarfe a 2006 a kan faya-fayan niyobiyam, ta ƙirga da ido: har biyar zobe ɗaya suke yi, ta shida sai ta faɗa tsakiya biyar su kewaye ta, a ta 17 kuma zobe na uku ya bayyana, ɗaya, biyar, goma sha ɗaya. A Paris kuma, Cren da Roditchev sun ga ƙatuwar guguwa kai tsaye a 2011 a kan tsibiran dalma masu kaurin 'yan nanomita, da madubin da ke laluben saman abu da tsinin allura.

Daga Antwerp zuwa Leuven kusan sa'a ɗaya ce. Jami'ar tun 1425 take, sassan kimiyya kuma suna Heverlee, kudu da gari, bayan fadar Arenberg da kogin Dijle, maƙwabtaka da imec, cibiyar binciken ƙananan na'urorin lantarki. A nan rukunin Victor Moshchalkov ya yi gwajin 1995 da nake ganin kowane ɗalibi ya kamata ya fara da shi. Alminiyam ɗaya, kauri ɗaya, aka yanka siffa uku: sanda, zobe mai kusurwa huɗu, da murabba'i cikakke. Aka auna yadda zafin sauyawa ke sauka in an ƙara maganaɗisu. Sandar ta ba da lanƙwasa sumul. Zoben ya ba da hawa da sauka a tazara ɗaya, ƙwaya ɗaya kowane zagaye, irin abin da Little da Parks suka gani a 1962. Murabba'in ya ba da hawa da sauka masu tazarar da ke raguwa. Ƙarfe ɗaya, hali uku, siffa ce kawai ta bambanta.

A 2000 Liviu Chibotaru da abokansa a nan suka fito da abin da ya fi ban mamaki. Murabba'i yana son abu huɗu-huɗu, to yaya zai yi da L ɗin 3? Lissafi ya ce kusa da zafin sauyawa yana iya ajiye guguwa huɗu a kan layukan kusurwa, ya haifi kishiyar guguwa ɗaya a tsakiya mai juyawa baibai: huɗu a cire ɗaya, uku. Alwatika ma haka, uku a cire ɗaya ya ba da biyu. Sai dai suna cunkushe ne a wuri da bai kai ξ ba, kuma ɗan lahani kaɗan a gefe ya isa ya rushe tsarin. A nan ne maganar ta bar allo ta koma hannun mai ƙera samfuri, kuma a irin waɗannan ɗakuna na fi daɗewa.

Ana fara da ɓallen silikon mai fatar oksaid. A ɗiga masa robar PMMA a juya shi a injin har ta baje, a gasa a digiri 180. Hawa biyu ake yi, na ƙasa ya fi saurin narkewa, don ramin da za a zana ya zama mai faɗin ciki da ƙunƙuntar baki. A zana siffar da harsashen ilektoron, a wanke a gaurayen ruwan sinadarai biyu, MIBK da IPA, kashi ɗaya da uku, na kusan minti ɗaya. Sannan a sa shi a tukunyar da aka zuƙe iskarta ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na miliba, a turara alminiyam, a jiƙa a asiton robar ta tashi da ƙarfen da ke kanta. Na duba wani samfuri da aka yi da hawa ɗaya kawai a madubin ilektoron: bakin faifan ya miƙe tsaye a yage, domin ƙarfen ya hau bangon robar ya tsinke wajen ɗagawa. Irin wannan baki yana ba guguwa ƙofar shiga ta wuri ɗaya, shingen ya ragu a nan, tsallen ya zo da wuri, kuma faifai biyu da aka zana iri ɗaya su ba da layi daban. Idan kuma an turara alminiyam a hankali a tukunyar da ba ta zuƙu sosai ba, yana kwasar oksijin, zafin sauyawarsa ya tashi daga kelbin 1.2 zuwa 1.3 ko fiye, ξ ya gajarce. Saboda haka ake auna ξ na kowane zubi a kan wani dogon zirin da aka turara tare da samfurin, ba a ɗauko shi daga littafi.

Wajen haɗa wayoyi, mai aikin yana ɗaure da abin hannu da ke sauke lantarkin jiki zuwa ƙasa, duk layukan kuma a haɗe suke da ƙasa har sai an gama. Tartsatsin da mutum ba zai ji a yatsa ba ya isa ya ƙona zirin da faɗinsa nanomita 100 ne. Sanyaya alminiyam yana buƙatar hiliyam-3, wani nau'in hiliyam marar nauyi, wanda ke kai wa wajen milikelbin 300. Ruwan hiliyam na yau da kullum ko an zuƙe tururinsa da famfo a wajen kelbin 1.2 zuwa 1.5 yake tsayawa. Lantarkin awo ƙanƙane ne, kamar kashi ɗaya cikin goma na maikuro'amfiya, ana kaɗa shi a mitar da ba ta haɗa hanya da 50 ta wutar gari ba. Kowace waya sai ta bi ta matatar da ke tare igiyar rediyo, in ba haka ba hayaniyar ɗaki ta gangara ta ɗumama ilektoron ɗin samfurin alhali ma'aunin zafi yana nuna komai lafiya. Dalilin wannan taka-tsantsan a lissafi yake: zobe mai faɗin maikuromita 1 da ξ na nanomita 130, hawa da saukar zafin sauyawarsa duka-duka wajen milikelbin 20 ne. In zafin na'urar yana rawa da milikelbin 5, rubu'in abin da ake nema ya tafi. Su kansu wayoyin awon, in alminiyam ne masu faɗi, suna ba samfurin aron halinsu su sauya sakamakon, don haka ake sirantar da su ko a sa siririn shingen oksaid a tsakani.

Babban mai ɓata awo shi ne maganaɗisun da ba a gayyata ba. Naɗin wayar da ke samar da maganaɗisu shi ma sufakondakta ne, guguwoyi suna maƙalewa a cikinsa, don haka bayan an kai shi tesla ɗaya ko biyu an dawo sifili, yana iya barin 'yan militesla, daidai girman abin da ake aunawa. Maganinsa a yi ta juya lantarkin gaba da baya ana rage shi har ya mutu, ko a ɗumama naɗin ya saki. Sifilin gaskiya kuma daga samfurin ake gane shi: a auna ɓangaren hagu da dama, tsakiyar da layin ya yi daidai ita ce sifili. Kuma duk awo sai an rubuta ko an sanyaya ne cikin maganaɗisu ko an sanyaya sannan aka kunna, da kuma ko hawa ake ko sauka, domin amsoshin ba ɗaya ba ne.

Leuven ta kuma yi suna wajen huda fim, wato siririyar shimfiɗar ƙarfe, da ramuka a jere don kama guguwa. In tazarar ramukan maikuromita 1.5 ce, a militesla 0.92 kowane rami ya sami guguwa ɗaya cif, ba mai motsi, lantarkin da fim ɗin ke iya ɗauka ya yi tsalle sama. Haka a ninki biyu da uku, gwargwadon yawan da ramin ke iya haɗiyewa. A 2006 masu binciken Leuven suka nuna cewa in ramukan biyu-biyu ne, babba da ƙarami, lantarki mai kai-da-komo yana tura guguwoyi gefe ɗaya, kuma gefen yana juyawa yayin da yawansu ke ƙaruwa.

Amfanin wannan duka a fili yake ga masu ƙera na'urorin SQUID, masu auna maganaɗisu ƙanƙane sosai, da kwamfutar kwantam, domin guguwa mai motsi tana cin makamashi tana kawo hayaniya. Maganaɗisun duniya a wannan yanki wajen maikurotesla 50 ne, wanda ke ba da ƙwaya ɗaya a kowane murabba'i mai gefen maikuromita 6.4. Stan da Field da Martinis sun auna a 2004 a kan ziraran niyobiyam cewa ziri mai faɗin W yana korar duk guguwa wajen sanyaya matuƙar maganaɗisun bai haura kimanin ƙwaya ɗaya a raba da W sau W ba. Ziri mai faɗin maikuromita 10 iyakarsa wajen maikurotesla 20 ce, ke nan a maganaɗisun duniya kaɗai zai kama guguwa; mai faɗin maikuromita 2 kuwa yana jure wajen 500. Don haka ake sirantar da layuka, a huda faffaɗan fili da ramuka don guguwar da ta shiga ta zauna a rami inda ba ta da cibiya, a rufe samfurin da gwangwanin ƙarfe mai shanye maganaɗisu, a kuma bi duk kusoshi da mahaɗan waya da ke kusa da shi da ma'auni, domin da yawansu akwai fentin nikel a ƙarƙashin zinariyar da ke kansu.